Na buɗe fot a rautar SIM amma kyamarar shago ta ƙi fitowa a gida: wa ya taɓa fama da wannan?

Mai shagon yadi, Kantin Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana uku ke nan ina fama da abu guda har kaina ya ɗau zafi. Na sa kyamarori huɗu a shago da na'urar ɗaukar hoto ta Hikvision, intanet ɗin kuma rauta ce mai SIM, irin wadda ake shiga shafinta ta 192.168.8.1. Na shiga wurin da aka rubuta Virtual Server, na tura fot 80 da 8000 da 554, wato ƙofofin da ake shigowa ta cikinsu daga intanet, zuwa adireshin na'urar. In ina cikin shago a kan Wi-Fi, hoto tar, har ƙudan da ya sauka kan atamfa ina gani. Da na isa gida Hotoro, sai abin ya yi ta juyawa har ya gaji ya ce ba a samu haɗi ba. Duk wanda ya taɓa shiga wannan hali don Allah ya faɗa mana yadda ya fita.

Mai gyaran kwamfuta, Farm Centre:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin ka ƙara taɓa komai, koma shafin rautar ka duba inda aka rubuta WAN IP, wato adireshin da kamfanin layi ya ba rautar. Sannan ka buɗe burauza a kan Wi-Fi ɗin shagon ka tambayi Google adireshin IP ɗinka. In lambobin biyu ba ɗaya ba ne, musamman in na rautar ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to saitinka ba shi da laifi.

Abin da ke faruwa shi ne adireshin IPv4, wato irin waɗannan lambobin, guda biliyan 4.3 ne kacal a duniya, kuma babbar ma'ajiyarsu ta ƙare tun Fabrairun 2011. Shi ya sa kamfanonin layin waya suke tara mutane masu yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da zaure ɗaya. Kai ka buɗe ƙofar ɗakinka, amma makullin zaure yana hannun mai gida. In kai ka fita ka yi aike, za a bar ɗan aikenka ya dawo. Baƙon da ya zo daga waje da kansa kuwa, a zaure zai tsaya, don ba wanda ya san ɗakin da yake nema.

Mai shagon yadi, Kantin Kwari:
Na sa yaron shago ya duba. Na rautar ya fara da 10, na Google kuma daban ne gaba ɗaya. Wato kwana ukun nan ruwa na yi ta ɗiba da kwando.

Wani ɗan'uwa daga Kaduna:
Alhaji kai ma ka yi sa'a da kwana uku ne. Ni sati biyu na yi. Wani ya ce min matsalar ita ce adireshin yana sauyawa, in yi DDNS, wato in samu suna da zai riƙa bin adireshin duk lokacin da ya sauya. Na buɗe asusu a No-IP, na sa sunan a rauta, ya nuna ya haɗu. Ashe sunan yana nuna adireshin zauren nan ne da malam ya faɗa, ba nawa ba. DDNS maganin adireshin da ke sauyawa ne, ba ya ba ka adireshin da ba ka da shi tun farko. Har rauta na sake, na sayi mai tsada, tana nan a kwali.

Mai kula da kwamfutocin wata makaranta, Zariya:
Mu mun samu adireshin kanmu daga kamfanin layin, amma sai da muka sha yawo. Na kira lambar kula da masu hulɗa, yarinyar da ta ɗauka ta ce in kashe rautar in kunna. Na sake kira, wani ya turo min saitin intanet na waya. Sai da na taka da ƙafata zuwa ofishinsu na ce ina neman sashen da ke hulɗa da kamfanoni, a nan ne na samu wanda ya gane abin da ake nufi da "public IP", wato adireshin da ba ka tarayya da kowa a kansa. Sun nemi takardun rajistar makaranta, suka ba mu wani SIM da APN na daban, wato saitin da SIM ke shiga intanet da shi, ana biya duk wata ban da kuɗin data. Da na sa sabon APN ɗin, WAN IP ya zama daidai da na Google, fot ɗin da na buɗe tun da daɗewa ya fara aiki nan take ba tare da na ƙara komai ba. In don kyamara huɗu ne kawai, ni dai ban ga ya kai a biya wannan kuɗin ba.

Mai kantin magani, Katsina:
Ni tawa matsalar ba CGNAT ba ce, na faɗa ne ko wani zai amfana. Layinmu yana da adireshin kansa, amma rautar SIM ɗin ba ta kai Wi-Fi har sito, sai ƙanena ya jona mata wata rautar ta biyu da waya. Kyamarar tana kan ta biyun, ni kuma a ta farko nake ta buɗe fot. Ƙofa biyu ke nan, na buɗe ɗaya. Da aka mai da ta biyun mai watsa Wi-Fi kawai, aka kashe mata DHCP, wato aikin raba wa na'urori adireshi, abu ya fara aiki.

Bayan kwana biyu aka ɗauke wuta, aka dawo da ita, kyamara ta sake ɓacewa. Rauta ta ba na'urar sabon adireshi, ya koma 103 a ƙarshe maimakon 101, fot kuma yana can yana nuna tsohon. Yanzu an ɗaure mata adireshi ɗaya da lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar da ta zo da ita. Kuma in za ku gwada, ku kashe Wi-Fi ku gwada da datar waya. Rautoci da yawa ba sa yarda ka kira adireshinka na waje daga cikin gida, sai ka ɗauka bai yi ba alhali ya yi.

Ɗalibi mai karatun kwamfuta:
Ni sabar wasan Minecraft na so in buɗe wa abokaina a fot 25565, layin ya hana. Na kama hayar ƙaramar saba a intanet, irin ta wajen dala 5 a wata, na haɗa ta da kwamfutata ta WireGuard, manhajar da ke buɗe keɓaɓɓiyar hanya tsakanin na'urori biyu. Tunda kwamfutata ce take fita ta nemi sabar, CGNAT bai da ta cewa. Abokai su buga adireshin sabar, ita kuma ta miƙo min. Yana aiki, sai dai in sabar tana Turai za ka ji ɗan jinkiri a wasa. Wanda ba ya son wahalar saiti ya sa manhajar Tailscale, mai yin irin wannan haɗin da kanta, a wayarsa da wata kwamfuta da ke kwana a kunne a shago, ba sai ya buɗe fot ko ɗaya ba.

Mai gyaran kwamfuta, Farm Centre:
Ƙanena, Alhaji yadi yake sayarwa, kada ka haɗa shi da saba a Turai. Alhaji, na'urarka tana da Hik-Connect, wato manhajar Hikvision ta kallon kyamara daga nesa. Shiga saitin hanyar sadarwa, ka kunna Platform Access, ka sa kalmar tabbatarwa, ka ɗauki hoton lambar QR da manhajar a wayarka. Ita ma na'urar ce take fita da kanta, don haka zaure ba zai tare ta ba.

Kuma ka goge fot ɗin nan uku da ka buɗe. Akwai wani kwastomana mai adireshin kansa da ya bar fot 80 a buɗe. Da na duba rajistar na'urarsa, layi ne bayan layi na masu gwada "admin" da kalmar sirri daga adireshin da ba mu sani ba, har da ƙarfe ukun dare. Muguwar manhajar nan Mirai ta 2016 da irin waɗannan kyamarori ta yi aiki, waɗanda masu su ba su sauya kalmar sirrin da suka zo da ita ba.

Mai kula da kwamfutocin wata makaranta, Zariya:
Gaskiya ne malam, amma a sani cewa ta wannan hanyar haɗin ya dogara da sabar kamfanin kyamarar. Mu da yake ajujuwan yara ne, hukumar makaranta ba ta amince ba. Shago dai ba damuwa.

Mai shagon yadi, Kantin Kwari:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Bayan Magariba na koma na goge fot ɗin, na kunna abin da malam ya ce, ya nuna Online. Yanzu haka daga falo nake kallon ƙofar shago, maigadi yana shan shayi. Sai dai na lura in na sa hoto mai kyau data tana zuba kamar famfo, don haka na mai da shi ƙaramin hoto, wanda suka rubuta sub-stream. Ɗan'uwa na Kaduna, rautar nan da ke kwali, nawa za ka sayar?