Zakaran da Allah ya nufa da cara: har da wanda ya sayi carar da kuɗi?

Bulus Mabera:
Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai karin maganar da ta tsaya min a rai tun ran Lahadi, wato "zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi". Tun ina yaro nake jin ta har a bakin masu wa'azi, ban taɓa zama na auna ta ba sai da abu ya zo kaina. Mun nemi aiki a wani ofis nan cikin Sakkwato, muka rubuta jarrabawa aka kira ni intabiyu, daga baya sai aka ba wani wanda ko ɗakin jarrabawar bai leƙa ba, kuma shi da bakinsa ya faɗa wa abokina nawa ya bayar. Wannan duk na haɗiye. Abin da ya ƙona min rai shi ne da ya zo sujadar godiya cikin sabuwar shadda, ya karɓi makirfo ya kawo wannan karin magana, jama'a suka ɗauki tafi da amin. Ni dai amin ta ƙi fita daga bakina. Dan Allah ku faɗa min, Allah mai tsarki ne ya nufe shi da wannan carar ko kuwa kuɗinsa ne?

Istifanus:
Ɗan'uwa Bulus sannu, na san da ciwo. Amma gaskiya ɗaya ce, in Allah bai bari ba ko buhun kuɗi ya kai ba zai zauna kan kujerar nan ba. Duba Daniyel sura 4, sau nawa aka maimaita wa Nebukadnezzar cewa Maɗaukaki ne ke mulkin 'yan adam yana ba wanda ya ga dama. Karin Magana 16:33 ma ta ce ko ƙuri'a aka jefa hukuncin daga wurin Ubangiji yake. To ni ban ga laifin karin maganar ba, in muka ce akwai abin da ya faru a bayan idon Allah ai mun rage masa sarauta ke nan.

Saratu:
Yaya Istifanus ni fa ban yarda ba. Wannan maganar ta zama bargon da kowane mai maguɗi ke lulluɓa da shi, lokacin zaɓe ma ita ce a jikin fosta da bayan keke napep, wanda ya raba atamfa da taliya ya ci shi ma zakaran Allah ne. Yakubu 1:13 ta faɗa ƙarara cewa ba a jarabtar Allah da mugunta kuma shi ba ya jarabtar kowa. Ta yaya za a ba da cin hanci ran Talata a zo ran Lahadi a rataya wa Allah? Ni a ganina mu masu bi mu bar faɗin ta kawai.

Istifanus:
Ƙanwata ban ce Allah ne ya ba da cin hancin ba fa.

Saratu:
To amma ka ce shi ya nufa, mene ne bambancin?

Baba Ishaya:
'Ya'yana ku dakata, kowanenku ya kama ƙafa guda ta gaskiya shina ja. Ku dubi kalmar da magabata sunka sa, "nufa" sunka ce, ba su ce "ya ji daɗi" ba. Yusufu shina da shekara 17 'yan'uwanai sunka sayar da shi azurfa 20, sai da ya kai shekara 30 kana ya tsaya gaban Fir'auna. Da sunka zo neman gafara mi ya ce musu cikin Farawa 50:20? Ya ce ku kun nufe ni da mugunta, Allah kuwa ya nufe shi da alheri. Abu guda, nufi biyu. Bai ce musu "ai ba ku yi komi ba, Allah ne" ba, ya kira muguntar da sunanta a gabansu. Wanga shi ne abin da mutanenmu ke tsallakewa.

Kuma ku tuna da sarki Uzziya cikin 2 Tarihi 26. Yana ɗan shekara 16 ya hau gado, ya yi shekara 52 bisa sarauta, Allah ya taimake shi ƙwarai, in zakara ne to wanga ya yi cara har maƙwabta sun ji. Da ya yi ƙarfi sai ya ɗauka tunda Allah ya ɗaga shi komi ya halatta gare shi, ya shiga Haikali zai ƙona turare, aikin da na firistoci ne. Firistoci 80 da babbansu sunka tare shi ya husata, nan take kuturta ta fito mai a goshi, haka ya zauna keɓe har ya mutu. To a shekarar da wanga sarki ya mutu ne annabi Ishaya ya ga Ubangiji zaune bisa kursiyi, littafin Ishaya sura 6. Ku lura da kyau, kursiyi ya gani, sarauta ke nan, amma waƙar da mala'ikun da aka cewa serafim ke yi ba "mai iko, mai iko" ba ce, "mai tsarki" ce har sau 3. Wanda ke bisa gadon shi ne mai tsarkin. Ba ka iya karɓar ikonai ka bar tsarkinai a ƙofa kamar takalmi.

Saratu:
Na gode Baba. Amma kun ga wanda Yaya Bulus ke magana bai fito da kuturta ba, da sabuwar shadda ya fito.

Baba Ishaya:
Ɗiyata, Habakuk ya riga ki wannan kuka. Ya ce wa Allah idanunka sun fi ƙarfin duban mugunta, to don mi ka yi shiru mugu na haɗiye wanda ya fi shi gaskiya, sura 1 aya 13. Amsar da anka ba shi ita ce ya jira, ko ta yi jinkiri za ta zo. Ban da wata amsa da ta fi wagga.

Katikis Yohanna:
Bari in ƙara kaɗan a kan na Baba. A wurinmu Katolika kowace Misa sai mun rera mai tsarki ɗin nan sau uku, a babban cocin Holy Family na Sakkwato ko a ƙaramin cocin ƙauye duk ɗaya ne, amma da yawa in ka tambaye su ma'anar sai su ce tsabta, don a Hausar yau da kullum tsarki yana tafiya da wanka da wanke jiki. Na Allah ya wuce nan, shi daban ne, ba shi da na biyu, kuma ba a haɗa shi da ƙazanta ko ta wace hanya. Shi ya sa Ishaya da ya gani bai yi tafi ba, cewa ya yi kaitona na lalace, leɓunana masu ƙazanta ne. Mutumin da ya tsaya gaban wannan Allah da gaske, da wuya ya iya riƙe makirfo ya yi kirari da abin da ya san ya saya.

Mama Rifkatu:
Ni ba malama ba ce amma ina kiwon kaji a bayan gida nan Kwannawa shekara da shekaru, kuma ina so in tambayi abin da ba wanda ya taɓa. Kaza ta ƙyanƙyashe goma, shirwa ta ɗauki uku, muzuru ya ci biyu da dare, ɗaya ya girma ya yi cara kowa na yabonsa. Waɗanda aka ɗauka fa? Su Allah bai san da su ba ne? Ina tambaya ne don ɗana na fari ya rasu yana shekara ta ƙarshe a makaranta, zazzaɓi na kwana huɗu kawai, yaron da ke kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa. Wata huɗu bayan haka abokinsa ya gama aka yi liyafa, wani ya tashi ya faɗi wannan karin magana ina zaune a wurin. Na san bai yi don ya cuce ni ba amma na koma gida na kasa cin abinci, don abin da kunnena ya ji shi ne nawa ɗan Allah bai nufe shi da komai ba.

Saratu:
Wayyo Mama, Allah ya ƙara miki ta'aziyya. Kun gani ko, abin da nake faɗa ke nan.

Istifanus:
Mama ki yi haƙuri, na yi magana da sauri ban tuna da irinku ba. Na je na sake buɗe Ayyukan Manzanni sura 12 yanzu, abin ya ba ni tsoro. A sura ɗaya Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, ya kama Bitrus ya sa sojoji 16 su yi gadinsa, mala'ika ya zo da dare ya fitar da shi. Yakubu da Bitrus duk manzanni ne, duk suna cikin ukun nan da Yesu ya hau dutse da su. Ɗaya shaho ya ɗauka, ɗaya ya tsira, kuma ba inda aka ce an fi son Bitrus. Sannan a ƙarshen surar shi Hirudus ɗin da ya yi ado ya hau gado ya yi jawabi jama'a na ta yi masa kirari kamar allah, tsutsotsi suka cinye shi don bai ba Allah girma ba. In da ni ina wurin a ranar da Hirudus zan nuna in ce ga zakaran da aka nufa da cara. Har yanzu ina kan bakana cewa ba abin da ke kuɓuce wa hannun Allah, amma na yarda karin maganar ba ta da wurin da za ta ajiye Yakubu.

Katikis Yohanna:
Mama, Matiyu 10:29 taki ce. Yesu bai ce gwara ba za ta faɗi ba, cewa ya yi ko ɗaya ba ta faɗuwa ƙasa ba da sanin Ubanku ba. A Luka 12:6 kuma ya ce ba ɗaya da aka manta da ita a gaban Allah. Hausawa sun yi wa wanda ya yi cara karin magana, Ubangijinmu kuwa ya yi magana a kan wadda ta faɗi.

Mama Rifkatu:
Na gode Malam, wannan ayar ita wata 'yar'uwa a zumuntar mata ta karanta min a lokacin, ita na riƙe har yau. Ban ce na gane dalili ba, ban gane ba. Amma na daina tunanin an manta da shi. Kuma kajina har gobe ina sa su a akurki da magariba, ban taɓa barin su waje in ce wanda aka nufa zai yi ba.

Laraba:
Mama wannan na akurki gaskiya ne, ai shi ya sa ake cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Katikis Yohanna:
'Yar'uwa Laraba wannan maganar mutane ce, ba aya ba ce, kada wani ya je nema. Wadda ta yi kusa da ita Nehemiya 4:9 ce, sun yi addu'a sun kuma sa masu tsaro dare da rana.

Baba Ishaya:
Tun ɗazu nike jira in ga wa zai tuna, ba wanda ya tuna. Akwai fa zakara guda cikin Littafi Mai Tsarki da munka tabbata Allah ya nufe shi da cara, don Yesu ya faɗi lokacinta tun kafin ta zo. Luka 22. Ya ce wa Bitrus kafin zakara ya yi cara yau za ka yi musun sanina sau uku. Daren nan babban firist na nashi, masu gadi na nasu, Bitrus na jin wuta a tsakar gida shina rantsuwa bai san mutumin ba, maganar na bakinai zakara ya yi. Ba minti guda gaba ba, ba minti guda baya ba. To wa anka naɗa da wannan cara? Wa ya samu aiki? Ba kowa. Ubangiji ya juyo ya dubi Bitrus, Bitrus ya fita waje ya yi kuka mai zafi. Ni in na ji wagga karin magana yanzu, wanga zakara nike tunawa.

Saratu:
Baba ban taɓa haɗa su ba sai yau. Duk da haka ni kam ba zan ƙara faɗin ta a wurin taro ba, ban san wa ke zaune a kujerar baya ba.

Istifanus:
Ni zan faɗe ta amma ga wanda ke tsakiyar muzuru da shaho, ɗalibin da ba shi da kuɗin makaranta ko wanda ake tsananta wa don gaskiya. A bakin wanda ya riga ya ci ne take lalacewa.

Bulus Mabera:
Na gode muku duka, musamman Baba da Mama Rifkatu. Na karanta Luka 22 ɗin sau biyu kafin in rubuta wannan, kuma akwai abin da ban faɗa muku ba a farko. Kwana uku kafin intabiyu na je wurin kawuna a Runjin Sambo na roƙe shi ya nemo min wanda za a gani a ofishin, ya nemo, aka faɗi kuɗin, na zagaya neman rance ban samu ba. Da na samu da na bayar, kuma da ni ne zan tsaya ran Lahadi da makirfo a hannu. Ina ta fushi da mutumin nan mako guda ban ko tuna da wannan tafiyar ba sai da Baba ya kawo zancen Bitrus. Gobe da safe zan je in ga Fasto kafin in wuce kasuwa, ku sa ni a addu'a.