Shawarwarin masu babur a Aboabo kan gyaran shokazoba kafin goyo da kaya

A zaman da masu babur da makanikai suka yi a Aboabo, cikin Kumasi, an fi daɗewa kan shokazoban baya, domin da yawa ba sa taɓa shi tun ranar da suka sayi babur. Wani dattijon makaniki daga Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya nuna cewa a yawancin ƙananan babura, a ƙasan sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke jikin shokazoba, akwai zobe mai matakai 5, wanda ake juyawa da sifana mai ƙugiya. Idan za a goya mutum da buhun masara, sai a matsa zuwa mataki na 4 ko na 5, kuma dole shokazoban hagu da na dama su zama daidai, in ba haka ba babur zai riƙa karkata a kwana.

Ya ja hankali cewa matsewar ba ta ƙara wa sifirin ƙarfi, tana ɗaga bayan babur ne kawai. Ma'auninsa shi ne, idan kowa ya zauna, bayan ya nitse kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon da shokazoba ke iya motsawa. Shokazoban da ya fara yoyon mai kuwa, sauya shi ya fi, kuma a ganina nan ne mutane suka fi yin sakaci.

An kuma amince a ƙara iska a tayar baya, a duba sarƙa da kaya a kai kada ta ɗaure, a ɗaure kaya mai nauyi kusa da mazauni maimakon ƙarshen kariya, sannan a sassauta zoben idan an sauke.