Hantar Baba ce ta lalace, me ya kawo maganar tumbi kuma?

Ummu_Ihsan:
Salam 'yan uwa. Baba na fama da ciwon hanta, likita ya ce ta yi tauri. An zura masa kyamara ta baki, wai fatar cikin tumbinsa ta yi zane-zane kamar fatar maciji, ga jininsa kullum ƙasa yake yi. Olsa ce ko me? Don Allah a min bayani.

Dan_Lab:
Wa alaikis salam, Allah ya ba shi lafiya. Ba olsa ba ce. Jinin hanji da tumbi ta jijiyar fotal yake shiga hanta, to idan hanta ta yi tabo ta taurare sai ya kasa wucewa da sauƙi, ya taru baya, ƙananan jijiyoyin fatar tumbin su kumbura su riƙa tsatsar jini kaɗan-kaɗan ba a gani, shi ya sa jinin ke ƙarewa. Idan abin ya yi tsanani har jajayen ɗigo ake gani.

Maman_Twins:
To ai sai a ba shi omeprazole, maganin rage asid ɗin tumbi, ko?

Dan_Lab:
Hajiya ba asid ne matsalar ba, hawan jinin jijiyar ne. Galibi propranolol ko carvedilol, masu rage hawan jinin jijiyar, likitoci ke bayarwa da maganin ƙarin jini, in ya ƙi ji akwai aikin TIPS, wato a sa ɗan bututu a cikin hanta don jinin ya samu hanyar wucewa. Amma kar a saya da kai fa, likitansa ne zai tsara.

Abu_Sadiq:
Ku dai nisanta shi da diclofenac da ibuprofen da aspirin. Kika ga baƙin kashi ko aman jini, asibiti nan take, ko tsakar dare ne.