Shawarwarin da aka ba sabon malamin Ingilishi a Damagaram

Wani saurayi daga Kano ya zo Damagaram koyar da Ingilishi na sa kai, malaman lakwal, wato makarantar boko, suka zauna da shi a bakin shayi, kowa ya faɗi tasa. Ga abin da na tsinta.

Batun kuɗi aka fi daɗewa a kai. A kasuwa da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka idan mai tumatir ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi, jika kuwa sefa 1,000. Wani dattijo ya ce masa, "Malam, ka yi sati kana bin ɗalibinka Kasuwar Dole kana sauraro kafin ka buɗe baki." Alhamis ce babbar ranar kasuwa, gero da wake a saya da tiya, ya fi awon kullum sauƙi.

Sai ruwa, wanda a ganina shi ya kamata a fara da shi. Famfon garin nan yana ɗaukewa, musamman a bazara, don haka ya tanadi randa da jarkoki, ya kuma ƙulla da ɗan ga-ruwa guda da ya san ƙofarsa.

Kan abinci ba a yi gardama ba: fura da rana, dambun zogale, kilishi idan aljihu ya yarda. Iyayen yara za su aiko da kwano. Kada ya mayar da shi ba a taɓa ba.

Kabu-kabu kuma, wato babur ɗin haya, a yi ciniki kafin a hau.