Gonar ayaba da gwanda a ƙasar Daura: wa ya san harkar?

Alhaji Mai Shirin Ritaya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ƙarshen shekarar nan zan ajiye aiki in Allah ya kai mu, kuma ina da gona kadada uku a hanyar Mai'aduwa, ba nisa sosai da dam ɗin Sabke. Niyyata in zuba kuɗin sallamata in mai da ita gonar ayaba da gwanda ta kasuwanci, rabi da rabi. Abin da ya ja hankalina, kusan duk ayabar da muke ci a Daura daga Kudu ake ɗauko ta, ta sauka 'Yan Lemo a Kano, kafin ta iso mana ta sha wahalar hanya, ga tsada. Wanda ya san kan abin ya taimaka mani.

Injiniyan Ruwa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya. Kafin a zo maganar iri, ruwa nawa gare ka?

Alhaji Mai Shirin Ritaya: Akwai rijiyar burtsatse ɗaya a gonar, kuma ba ta taɓa ƙafewa ba.

Injiniyan Ruwa: Ba ta ƙafe ba ne don jarkoki ake cikawa da ita ana shayar da dabbobi. Ayaba na son ruwan da ya kai milimita 1,500 zuwa 2,000 a shekara, kuma a rarrabe, ba a zubo mata lokaci guda ba. Mu nan arewacin jihar Katsina, damina mai kyau ba ta cika wuce 600 zuwa 700 ba, duk cikin wata huɗu. Sauran wata takwas ɗin kai ne hadarinta. Ɗauki biro: in ka ba da tazarar mita biyu da rabi kowane ɓangare, kadada ɗaya za ta ci gindi 1,600. Ka ba kowane gindi lita 20 a rana, lita 32,000 ke nan, kuma a Afrilu da Mayu ashirin ɗin ba za ta ishe shi ba. Rijiyar da ke ba da lita 3,000 a awa, in sola ce ke jan ta na awa takwas, 24,000 ta ba ka. Ko kadada ɗaya ba ta riƙe ba. A sa famfo a ja rijiyar nan yini da kwana a tsakiyar bazara a ga inda ruwan ke tsayawa, sannan a kai ruwan a auna gishirinsa, don ayaba ba ta jure ruwa mai kanwa-kanwa.

Baba Mai Lambu, Ajiwa: Injiniya ya faɗi gaskiya. Alhaji, ƙasar taka jigawa ce ko fadama?

Alhaji Mai Shirin Ritaya: Baba, sama jigawa ce. Can gangare akwai wajen kashi ɗaya cikin uku mai laka, ruwa kan ɗan kwanta wurin a watan Agusta.

Baba Mai Lambu, Ajiwa: To ai gonar ta riga ta raba kanta, ka bar zancen rabi da rabi. Ayaba gangare, gwanda tudu. Gwanda ba ta ƙaunar ruwa ya kwanta mata a gindi, kwana biyu ya isa saiwar ta ruɓe, ka zo ka tarar da ganye ya yi yaushi, ka ɗan tura itacen ya faɗi. Ko a tudun ma ka yi mata kunya mai tsayi. Ita kanta ayabar danshi take so, ba tafki ba, sai ka ja mata magudana. Abin da mutanen ofis ba su lissafawa kuma shi ne iska. Guguwar farkon damina tana zuwa ne daidai lokacin da ayaba ta ɗauki nauyin 'ya'ya, dare ɗaya sai ka iske gona a kwance. Ka tanadi sandunan tokara, kuma tun bana ka dasa layin darbejiya ta gabas da arewa. Kada ka sa turare kusa, zai yi maka rabon ruwa. Hunturu kuma ya yayyaga ganyen, sanyin dare ya tsayar da girma. In ka ga ayaba ta yi cak daga Disamba zuwa Janairu ba cuta ba ce, haka take yi.

Autan Zaure: Ranku ya daɗe, ni fa na ga wani bidiyo a Facebook, mutumin ya ce itacen gwanda ɗaya na ba da 'ya'ya sama da hamsin, ka ninka da gindi 1,600, ka ninka da kuɗin ɗaya. Miliyoyi ne fa!

Dillalin Kayan Marmari: Auta, mai bidiyon nan iri yake sayarwa ko gwanda? In iri ne, ya riga ya ci tasa ribar.

Malamin Gona: Lissafin ninkawa ba ya cire wadda ta zube tun tana fure, da wadda rana ta ƙone, da ta jemagu da tsuntsaye, da wadda ta nuna ranar da kasuwa ta cika. A zafin bazara, in ya haura digiri 40, furen gwanda zuba yake yi ko da ruwa na gindinta.

Alhaji, maganar iri. Kada ka tsinci ƙwallo daga gwandar da ka saya ka ce za ka yi gonar kasuwa da shi. Gwanda tana da namiji, da mace, da mai haɗe da duka biyun, kuma ba ka gane su sai sun yi fure, wata uku zuwa huɗu bayan dashe. Da irin gida, wajen rabi na iya fitowa maza, ka yi ta shayar da itacen da ba zai ba ka ko ɗaya ba. Dabarar da ake yi ita ce a dasa uku a rami ɗaya, in sun yi fure a bar guda, a bar namiji ɗaya ga mata kamar goma. In kana son kauce wa wannan, nemi iri irin su Red Lady 786 na kamfanin Known-You na Taiwan, wanda ba ya fitar da maza zalla, cikinsa ja ne, kuma yana jure hanya. Amma haɗaɗɗen iri ne, ba a ajiye ƙwallonsa a sake shukawa, kuma jabu ya yi yawa, sai ka saya a rufe cikin fakitinsa. Ka sani kuma gwanda ba mangwaro ba ce: shekara biyu zuwa uku take ba da riba, daga nan ta yi tsawo, 'ya'yan su ƙanƙance, sai sabon dashe.

Ayaba kuma gajerun iri sun fi dacewa da iskarmu, irin su Dwarf Cavendish, ko Grand Naine da Williams. Daga dashe zuwa yankan farko ka sa ran shekara ɗaya ko fiye. Ka leƙa reshen NIHORT da ke Bagauda a jihar Kano, su ne cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itace, sannan ka tambayi ofishin KTARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Katsina, na shiyyarka.

Baba Mai Lambu, Ajiwa: Malam, mu dai 'ya'yan ayaba muke cira daga gindin uwa mu dasa, tun iyayenmu.

Malamin Gona: Ba laifi Baba, in an san uwar. Matsalar ita ce cuta a jikin ɗan take tafiya: tsutsar da ke huda gindi, da ƙananan tsutsotsin saiwa da ido ba ya gani, da wata cuta da ke sa ganye ya cure a ƙoli ya ƙi buɗewa, wadda ba ta da magani sai tumɓukewa. In za a yi amfani da 'ya'ya, a zaɓi masu siririn ganye mai tsini, a fere gindin da wuƙa har ya yi fari, a tsoma shi cikin tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30, sannan a dasa. Masu binciken IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, sun daɗe suna koyar da wannan. Ban yarda mutum ya loda mota da 'ya'yan ayaba daga gonar da bai taɓa gani ba a Kudu.

Hajiya Mai Shago, Ƙofar Ƙaura: Sannunku da ƙoƙari. Ni ban san noma ba, sayarwa na sani. Alhaji, mace in ta zo shagona ba ta ɗaukar ƙatuwar gwandar nan da sai mutum shida sun taru. Matsakaiciya take so, mai jan ciki, wadda za a yanka a cinye a zama ɗaya. Masu yanka kayan marmari a roba su ma ita suke nema don ba ta narkewa da wuri. Kuma kasuwar gaske a azumi take. Abin da nake sayarwa a watan azumi ba na ganin irinsa sauran shekara. In gwandarka za ta nuna a azumi, tun yanzu ka rubuta ni.

Malamin Gona: Hajiya ta kawo magana mai amfani. Gwanda na fara nuna wajen wata takwas zuwa goma bayan dashe, sanyi kuma na jinkirta ta. Shekarun nan azumi wajen Fabrairu yake faɗowa, yana ja baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara. Wanda ya jira ruwa ya sauka a Yuni ya dasa, da ƙyar ya kama shi. Sai dai a yi reno a leda tun Fabrairu ko Maris, a dasa Afrilu ko Mayu da ban-ruwa, a yi wa kowane dashe 'yar inuwa da ciyawa. Ka ga mun koma kan rijiyar Injiniya.

Dillalin Kayan Marmari: Alhaji, bari in ɓata maka rai kaɗan kan ayaba. Manomin Edo ko Ondo ko Kuros Riba bai sayi ruwa ba, sama ke ba shi. Kai kuwa kowace lita da kuɗinta, ko fetur ne, wanda kowa ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafi a 2023, ko kuɗin kafa sola. Abin da ka fi shi da shi biyu ne kacal: kuɗin mota, da asarar da ake yi a hanya. In ka kawo mana kayanka kasuwa ranar da motocin Kudu suka sauke, farashinsu za mu yi maka, ba za mu tambayi nawa ka kashe ba. Ribarka tana wajen su Hajiya, da masu teburi, da otal-otal, ka kai masu kai tsaye. Su kuma ba sa son wanda zai kawo mota guda yau ya ɓace wata uku. Ka rarraba dashen, kada gonar ta nuna lokaci ɗaya.

Autan Zaure: Ba sai ya tsallaka da ita Nijar ba? Ga Kongolam nan kusa, Damagaram akwai kasuwa.

Dillalin Kayan Marmari: Akwai, kuma suna saye. Amma an rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023. Kayan da ke ruɓewa cikin mako ba a ɗora lissafinsu kan boda. In ta buɗe, ƙari ne.

Hajiya Mai Shago, Ƙofar Ƙaura: Kuma don Allah Alhaji, ban da sinadarin kabaid wajen nunar da kayan. NAFDAC ta sha gargaɗi a kai, mutane ma yanzu sun fara ganewa, bawo ya yi rawaya ciki ba zaƙi.

Autan Zaure: Kafin ayabar da gwandar su girma ai sai a sa kankana a tsakanin layuka a riƙa samun na cefane.

Malamin Gona: Kankana da kabewa da kokwamba a nisanta su da gwanda, cutar da ke sa ganyenta ya murɗe, 'ya'yan su yi zobe-zobe, tana zama a jikinsu, ƙananan ƙwari su ɗauko su kawo. Wurin da aka daɗe ana tumatir ko kuɓewa shi ma a guje shi saboda tsutsotsin saiwa. Albasa ko gyaɗa sun fi lafiya. Taki kuma Alhaji ka fara tarawa tun yanzu, na shanu da kashin kaji wanda ya ruɓe sosai. Ayaba mai cin sinadarin potash ce, NPK 15-15-15 kaɗai ba ya isar ta in ta fara fure.

Baba Mai Lambu, Ajiwa: Shinge fa? Da rani gonarka ce kaɗai koriya a yankin, duk akuyar ƙauyen za ta san hanyarta. Waya, da mai gadi mai kwana a wurin, ka sa su a lissafin farko. In gonar gado ce kuma a zauna da 'yan'uwa a gaban mai gari a rubuta, kafin itace ya fara haihuwa.

Injiniyan Ruwa: Ni da zan ba da shawara, rabin kadada na gwanda da tiyo mai ɗigo da tanki a sama, ayaba kuma gindi ɗari biyu a gangaren don gwaji. Gwanda ta fara kawo kuɗi kafin shekara, ita ta biya faɗaɗawar. Kada ka ci bashin banki a kan abin da ba ka taɓa girba ba, kuma kuɗin sallama ba a kashe su sai sun shigo hannu.

Alhaji Mai Shirin Ritaya: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Gonar saye na yi, takardu na hannuna. Zan fara da awon rijiyar a bazarar nan, darbejiya kuma in dasa da ruwan farko. Injiniya, ruwan da za a kai awon kamar nawa ake ɗiba? Baba, in ba damuwa ina son in zo Ajiwa in ga yadda ka tokare taka.

Injiniyan Ruwa: Lita ɗaya a sabuwar gora, bayan famfo ya yi kamar awa ɗaya yana aiki, kada ka ɗebi na farkon.

Baba Mai Lambu, Ajiwa: Ka zo da safe kafin rana ta yi zafi, ban da Juma'a. Ka taho da yaron da zai riƙe maka gonar, shi ya fi buƙatar ya gani.