Wai mene ne sirrin abarbar nan ta cikin Psych?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Na kai zango na biyar a Psych, shirin nan na Shawn Spencer da ke yi wa 'yan sanda ƙaryar shi mai duba ne, alhali kaifin ido kawai Allah ya ba shi. Jiya 'yata ta tsayar da hoton, ta nuna min abarba can baya inda ba mai lura. Na koma kashin da ya wuce, ga wata! Da gangan ne, ko idona ke min gizo?

Ɗan Kallo:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Idonki lafiya lau. A kashin farko, cikin 2006, James Roday mai fitowa a Shawn ya hangi abarba a kan firji, ya sauko da ita yana tambayar Gus, abokin Shawn, ko a yanka a tafi da ita. Babu wannan a rubuce, nan take ya ƙirƙira. Masu shirin suka ji daɗin abin, suka riƙa cusa ta kusan kowane kashi har aka rufe a 2014. Wani sa'in ma zanenta ne kawai, sai mai haƙuri ke gani.

Malam Shiru:
Ai abarba wasan yara ce. Hajiya, ki jira kashin "Dual Spires" a zangon da kike. Gaba ɗayansa jinjina ce ga shirin Twin Peaks na 1990. Sunan yarinyar da aka tsinci gawarta Paula Merral. Ki jujjuya haruffan, Laura Palmer za su ba ki, yarinyar da aka kashe a Twin Peaks. Abin da ya fi kashe ni, Sheryl Lee, wadda ita ce Laura a wancan shirin, ita ce likitar da ta duba gawar. Kallona na farko na ɗauka marubutan sun zauce, sai da na kalli Twin Peaks na dawo ina ta dariya ni kaɗai.

Uwar Biyu:
Haba Malam, ka tona min an kashe yarinya!

Ɗan Kallo:
Hajiya, wane kashi ne ba gawa? Ga wata kuma: a Santa Barbara ta Kalifoniya ake cewa labarin yake, amma a Kanada aka ɗauki shirin, ofishin su Shawn a White Rock yake, kusa da Vancouver. Ki riƙa duba sama, za ki ga hadarin ba na Kalifoniya ba ne.