Wace hanya ce ta dace da sabon shiga yawon ƙafa a Wales?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Cardiff, babban birnin Wales, kuma ina neman hanyar da ta haɗa kurmi da kogi, wadda ba za ta gagari sabon shiga ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka bi kwarin Kogin Wye daga garin Chepstow zuwa ƙauyen Tintern, inda hanyar take ratsa kurmi har ta kai ka kangon gidan ibadar da aka kafa a 1131.

Amsa: Malam, idan tudu kake so, ka hau dutsen Pen y Fan mai tsayin mita 886, amma ka riƙe rigar ruwa, domin hazo yakan rufe ƙololuwarsa ba zato.

Amsa: Don Allah ka rufe duk ƙofar shingen da ka buɗe, saboda hanyoyin sukan ratsa makiyayar tumaki.